Gidan Talata

Kwana ɗari biyu da sha huɗu
na soke da jan biro a kalandar kicin,
gida-gida, kamar mai biyan bashi.
Jiya na tsaya riƙe da biron,
hannu ya ƙi.

Ba wanda ya mutu.
Ba a kore ni daga aiki ba.
Talata ce kawai, irin ta Gdansk,
ba ruwa ba, ba ƙanƙara ba.
Na taso daga maƙerar jirage
da ƙaurin walda a rigata,
na shiga kanti sayen burodi.
Ga su a bayan mai kanti, a jere,
ƙananan kwalaben da muke ce wa 'yan birai,
masu iya lafewa a aljihu.
Bakina ya ce, "Haɗa da guda."
Bai shawarce ni ba.

An ce ruwa ba ya tsami banza.
Nawa ya yi.
Na kwana laluben dalili
kamar mai neman mabuɗinsa a rigar wani.

Da asuba muryar ta zo, ta zauna bakin gado.
Tawa ce, amma ta fi ni iya magana:
"Wieslaw, hali zanen dutse.
Wa ka ruɗa? Likita? Ko Bogna,
'yarka da ta damƙa maka mabuɗin gidanta
ka riƙa ɗauko Kacper daga makaranta ran Alhamis?
Kwanakin nan aro ka yi,
mai kaya ya zo karɓar abinsa."
Na wanke baki sau uku.
Warin ba a baki yake ba.

Da yamma na wuce ƙofar coci sau biyu,
inda muke taruwa a ɗakin ƙasa
kan kujerun roba, da shayi mai ɗanɗanon buta.
A na uku Ryszard ya tare ni,
tsohon ma'aikacin jirgi, haƙora huɗu,
yana busa taba a jikin bango.
Ya dubi takalmina, ya dubi idona.
"Nawa?"
"Guda. Sai na koma na sayo uku."
"Ba kwalba nake tambaya ba. Kwana."
Na ce, "Babu."
"Ka sha yau?"
"A'a."
"To, ka kai sha biyun dare, ɗaya ke nan.
Ni sau tara na yi ɗaya.
Shiga, sanyi na cin ƙafata."

Na so ya zage ni.
Da ya zage ni, da na sami hujjar komawa kanti.

A wurin aiki, in ɗinkin walda ya tsage
ba ma nutsar da jirgi.
Gogewa muke har ƙarfe ya yi fari,
mu auna zurfin tsagar, mu sake ɗinki.
Shekara talatin ina yi wa jiragen mutane haka.
Sai dai ƙarfe ba ya ƙarya.
Ni na iya,
kuma ban san inda tawa tsagar ta tsaya ba.

Gobe Alhamis.
Mabuɗin Bogna na kan tebur, kusa da waya.
Gara ta ji daga bakina
tun ban sake koyon ɓoyo ba.
Wataƙila ta ce in mayar mata.
Wataƙila ta yi shirun nan na uwarta
da ya fi kuka ciwo.
Na danna lambar, na goge.
Da safe. Kafin in sa takalmi.

Ban yage kalandar ba.
Jajayen layukan nan ni na ja su,
ɗaya bayan ɗaya, da hannu mai rawa.
Gidan Talata na bar shi fari,
ya yi ta kallona.

Sha biyu saura kwata.
Muryar na nan bakin gado.
Ta ce, "Ma gani."
Na ce, "Ma gani,"
na cire marfin biro.